Ra'ayinmu: Ruwan da muka zubar a Gunti Yena shi ke dawo mana cikin salati

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ƴan uwanmu ƴan kasuwa, yau maganarmu a kan ruwa take. Ruwan da muke nufi shi ne wanda muka gama aiki da shi muka watsar: ruwan wanka da na wanki, ruwan wanke-wanken masu tuwo-tuwo, ruwan da aka wanke kifi da kayan cikin kaji, da kuma wanda ke tsiyayowa daga salanga idan ta cika. Da zarar ya fita ƙofar gida ko bayan rumfa, sai mu ɗauka mun rabu da shi ke nan. Alhali kuwa ruwa ba ya tsayawa inda aka zuba shi, gangare yake bi. A tsakiyar birnin Yamai kuwa, kowa ya san inda gangaren ya nufa, watau Gunti Yena.

Wannan ƙorama daga arewacin gari take fitowa, ta bi ta kusa da kasuwar Katako da filin wasa na Janar Seyni Kunce, ta wuce gefen gidan tarihi na Bubu Hama, sannan ta faɗa kogin Isa kusa da gadar Kennedy. Ita ce iyakar unguwar Filato ta gabas. Bayan da Yamai ta zama babban birni a 1926, Turawan mulkin mallaka suka zaɓi tudun Filato don ofisoshinsu da gidajensu, suka bar kwarin Gunti Yena ya raba su da unguwannin ƴan ƙasa. A wancan zamani ƙorama ce da ke gudu da damina kawai. Yau kuwa, ko a watan Afrilu da ƙasa ke ƙuna za ka tarar tana gudu, ruwan baƙi wuluk, ga wari. Ba daga sama ya zo ba. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Yamai sun haura miliyan 1, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin, amma akasarin unguwanni ba su da bututun ƙarƙashin ƙasa na kwashe ruwan ƙazanta. Lambatun da aka gina don ruwan sama su suka koma ɗaukar wannan kaya, rani da damina.

To, a cikin wannan kwari ne da bakin kogi bayin Allah masu garka suke neman abincinsu. Duk wanda ya bi hanyar da sassafe ya ga kore shar: salati, shu, alayyafo, yakuwa, na'ana'a, faski. Wasu suna da rijiya, wasu kuma daga ƙoramar suke ɗiba kai tsaye da bokiti ko injin ban-ruwa. Kafin rana ta ɗaga, ƴan sari sun kwashe kayan zuwa kasuwanni, daga can kuma su shiga kwanon mai talla, da teburin mai salati na bakin titi, da gidajen manyan ma'aikata na Filato ɗin kanta. Ruwan da ya fita ta bayan gida jiya, yau ga shi ya shigo ta ƙofar gaba a kan ganye, kuma da kuɗinmu muka saye shi.

Abin da wannan ruwa ke ɗauke da shi likitoci sun daɗe da saninsa: ƙwayoyin zazzaɓin taifot, da na atuni, da na kwalara, da ƙwan tsutsar ciki wanda ke iya yin watanni a ƙasa mai laima bai mutu ba. Miyar da aka dafa ta tafasa ba ta da wannan matsala sosai, domin wuta tana kashe su. Matsalar tana ga abin da ake ci ɗanye. Kada kuma mu manta cewa a 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 150. A watan Satumba na 2020 kogi ya kai tsayin santimita 700 a Yamai, ya fasa shingen Lamorde, ruwan kogi da na salanga suka gauraye a cikin gidajen mutane. Wanda ya ga wannan ba sai an yi masa dogon bayani a kan haɗarin ruwan ƙazanta ba.

Maganar ta shafi ƴan kasuwa ta fuska biyu. Ta farko, mai sayar da ganye ita ce hannunta ke wuni cikinsa, ɗanta na goye ko yana rarrafe a gindin tebur, abin da ya rage da yamma kuma gida take kai shi a ci. Ta biyu, ciniki amana ne. Ranar da aka ce cutar gudawa ta ɓulla a gari, kayan da mutane ke fara gudu su ne salati da tumatur da kokumba, sai ki ga kaya sun yi kwantai, ga su ba sa kwana biyu, uwar kuɗi ta narke. Kuɗin asibiti na yaro ɗaya yana iya cinye ribar mako guda. Saboda haka tsabtar ruwan Gunti Yena tana cikin lissafin jarin kowace mai tebur, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Wasu na cewa a kori masu garka kawai a huta. Mu dai ba mu ga hikimar hakan ba. Mutanen nan iyali suke ciyarwa, kuma su ke sa ganye ya yi araha a birni lokacin rani. In an kore su daga nan, za su koma wani lambatun ne da ido bai kai ba. Sannan ko ba a shuka komai ba, ruwan zai ci gaba da kwarara cikin kogi, ya gangara wa masunta da masu wanki na Gamkale, da manoman shinkafa na Saga, har su Kollo da Say da Gaya. Mu a Yamai famfonmu daga Gudel da Yantala ake jawo shi, sama da bakin Gunti Yena, shi ya sa ba mu damu ba. Na ƙasa da mu su ke shan abin da muka zubar. Ga shi kuma ruwan, duk da ƙazantarsa, yana ɗauke da sinadaran taki, irin waɗanda manomi ke saye da tsada a buhu. A garin da ruwan sama bai fi milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, ruwan da ke gudu rani da damina dukiya ne. Abin da ya kamata shi ne a wanke shi kafin ya kai ga ganye.

Idan aka ce tace ruwan ƙazanta, abin da ke zuwa wa mahukunta a rai shi ne babbar masana'anta irin ta Turai, mai injuna masu hura iska cikin ruwa dare da rana. Waɗannan injuna suna aiki, amma cin wutar lantarki gare su, kuma kayan gyaransu daga waje ake odar su. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce mafi yawan abin da muke amfani da shi a lokacin. Masu sayar da ƙanƙara da kifi ba su manta ba. Injin tace ruwa in ya tsaya kwanaki kaɗan, ƙananan halittun da ke aiki a cikinsa sai su mutu, ruwan ya fita yadda ya shiga. A biranen Afirka da dama akwai irin waɗannan gine-gine da aka buɗe da kiɗa da jawabi, yau sun zama wurin kwanan awaki.

Akwai wata hanya da ta fi dacewa da ƙasa mai rana irin tamu, kuma ma'aikaciyar da ke yin aikin kowa ya san ta: gansakuka. Wannan koren da ke rufe ruwan tabki ko randar da aka daɗe ba a wanke ba, tsiro ne ƙanana ƙwarai, da yawansu ƙwaya ɗaya-ɗaya ne da ido ba ya gani sai da madubin likita. Kamar kowane tsiro, idan rana ta haska su sai su fitar da iskar da muke shaƙa. A cikin ruwan ƙazanta kuma akwai wasu ƙananan halittu da ake kira bakteriya, waɗanda ba duka ne masu sa cuta ba. Da yawansu aikinsu cinye dauɗa ne, amma sai da iskar nan suke iya yi. To, sai aka yi ban-gishiri-in-ba-ka-manda: gansakuka ta ba bakteriya iska, bakteriya ta narkar da dauɗa ta saki abincin da gansakuka ke so. Aikin da injin ke yi da wutar lantarki, rana ta yi shi kyauta.

Yadda ake tsara abin shi ne a haƙa tafkuna a jere, ruwa na gangarawa daga wannan zuwa wancan. Na farko mai zurfi ne, mita 3 ko fiye, a nan kauri ke kwanciya a ƙasa tare da mafi yawan ƙwan tsutsa. Na biyu zurfinsa bai wuce mita 1 da rabi ba, a nan gansakuka da bakteriya ke haɗuwa, ruwan ya koma kore. Na uku da na huɗu sun fi faɗi da rashin zurfi, don rana ta ratsa. Da tsakar rana, lokacin da gansakuka ke tsananin aiki, ruwan yakan koma mai kaifi kamar an jiƙa kanwa a ciki, kuma wannan kaifi tare da hasken rana shi ke kashe ƙwayoyin cutar da suka fito daga bayan gida. Tafiyar takan ɗauki mako 3 zuwa 4. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni ga ruwan da za a shayar da kayan ci ɗanye: kada ƙwan tsutsa ya wuce 1 a lita, kada ƙwayoyin bayan gida su wuce 1,000 a mililita 100. Tafkunan da aka gina daidai, aka kuma kula da su, suna iya kai wa ga wannan ma'auni ba tare da an zuba magani ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1950 wani malamin jami'ar Kaliforniya ta Amurka mai suna William Oswald ya yi nazarin wannan zaman tare na gansakuka da bakteriya, har ya ƙirƙiro wani irin tafki marar zurfi, kamar santimita 30, wanda wata ƙafa mai fukafukai ke juya ruwansa a hankali don gansakukar ta yi saurin girma. A gabashin birnin Kalkata na Indiya akwai fadama mai faɗin hekta 12,500 inda ruwan ƙazantar birnin ke shiga tafkuna, gansakuka ta tsiro, kifi ya ci, a kama kifin a kai kasuwa. A 2002 aka sa wurin cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci. Kusa da mu, Wagadugu ta buɗe tafkunanta a unguwar Kosodo a 2004. A nan gida ma, a farkon shekarun 2000 malaman jami'ar Abdu Mumuni, cikinsu har da Farfesa Mahaman Sani Lawali, sun gina ƙananan tafkunan gwaji a Harobanda, suka tace ruwan ƙazanta da gansakuka da wani ɗan tsiro mai yawo a kan ruwa, suka kuma ciyar da karfasa da shi. Ilimin yana nan a ƙetaren gada, ba sai an hau jirgi an nemo shi ba.

Sai dai hanyar tana da wata matsala guda da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Idan ruwa ya fito daga tafki na ƙarshe, cike yake da gansakukar da ta shanye taki ta yi ƙiba. In an kai shi gona babu laifi, ƙasa za ta amfana. In kuwa aka sake shi haka nan cikin kogi, gansakukar za ta mutu ta ruɓe, ta shanye iskar da kifi ke buƙata, takin da ta ɗauka kuma ya koma ciyar da ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe wa masunta hanya. Ya zama an yi ba a yi ba. Dole ke nan a tsame ta. Amma tsame ta aiki ne, domin ƙwayarta ɗaya sai an jera ɗaruruwa kafin su kai milimita 1, tana wucewa ta cikin rariya da ƙyalle kamar babu su. Ba ta kuma kwanciya da sauri, saboda ƙwayoyin suna ture juna. A lita guda ta koren ruwa, busasshiyar gansakukar da za a samu sau da yawa ba ta kai giram 1 ba. Masu noman ta sun ƙiyasta cewa girbi kaɗai yana cin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kuɗin aikin.

Iyayenmu mata sun san rabin maganin tun da daɗewa. Idan aka ɗebo ruwan kogi ja wur da damina, sai a kaɗa ɗan alif a ciki, laka ta dunƙule ta kwanta. Haka ma ake yi wa gansakuka a manyan wurare. Amma alif na tafki guda ba na randa ba ne, kuɗi ne masu yawa kullum, kuma abin da ya kwanta ya gauraya da sinadari, ba ya kyau ga gona ko dabba. A nan ne masu bincike suka juya ga wata halitta da mu ƴan kasuwa muka fi sani a matsayin abokiyar gaba: funfuna, wadda ke fitowa a kan burodin da ya kwana ko goron da ya sha laima.

Funfuna ba ta da ganye, zare gare ta, siriri kamar saƙar gizo. Idan aka rene ta a cikin ruwan da ake motsawa, zaren yakan nannaɗe ya zama ƴan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar dawa ko wake. A 2012 masu bincike a jami'ar Minesota ta Amurka suka nuna cewa in an haɗa waɗannan dunƙule da koren ruwa, gansakukar tana manne wa zaren ta shige tsakaninsa, dunƙulen su koma kore, ruwan ya washe. Daga nan rariya ta gama aiki. Wasu a birnin Melbon na Ostareliya suka maimaita gwajin da ruwan ƙazantar gidan kiwo. A gwaje-gwaje da yawa an tsame fiye da kashi 90 cikin 100 na gansakukar cikin kwana 1 zuwa 3, kuma funfunar ita ma tana cin nata rabon na dauɗar ruwan. Wasu irinta ma suna iya karya launin rini da sauran magunguna da gansakuka ba ta iyawa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gwadawa sunanta Aspergillus niger; kada sunan ya ruɗe mu, ba ƙasarmu ake nufi ba, kalmar Latin ce mai ma'anar baƙi. Da ita masana'antu ke yin sinadarin tsami da ake sa wa lemon kwalba.

To amma a nan muke so masu karatu su buɗe kunne, domin ba mu son gobe wani ya zo da jaka da takardu ya ce ya kawo maganin Gunti Yena a cikin kwalba. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje a ɗakin bincike aka yi su, cikin kwalabe da ƙananan tankuna. Funfuna tana son abinci mai zaƙi kafin ta dunƙule, tana son ruwa mai ɗan tsami, alhali ruwan tafki mai kaifin kanwa ne, kuma tana son a riƙa motsa ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne. A buɗaɗɗen tafki kuma, inda iska da ƙura ke kawo kowace irin halitta, wadda aka zuba ba lalle ne ita za ta yi rinjaye ba. Abin da ya yi kyau a lita 1 sai an gwada shi a lita dubu, sannan a lita miliyan, kafin a ce an samu.

Haka kuma funfuna dangi-dangi ce. Masu sayar da gyaɗa da masara da ƙuli-ƙuli sun san wadda ke sa ƙwaya ta yi ɗaci da kore-kore idan an adana ta da laima. Wannan ƴar uwar waccan ce, sunanta Aspergillus flavus, kuma tana fitar da dafi mai suna afalatoksin wanda ke lalata hanta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya ta wannan hanya. Wata irin kuma ƙurarta na kama huhun mai raunin jiki. Zaɓen irin da za a saka a ruwan jama'a aikin masana ne, da sa idon ma'aikatar lafiya. Kada wani ya ji wannan bayani ya je ya zuba ruɓaɓɓen burodi a rijiyar garkarsa.

Abin da aka tsame ɗin kuma yana da inda ya dace da shi. Ana iya tara shi a rufaffen rami ya ba da iskar gas ta girki, ko a haɗa shi da shara mai ruɓewa ya zama taki, a kai gonar itatuwa da gandun shuke-shuke. Bai dace da cikin mutum ba. Gaskiya ne akwai gansakukar da ake ci: matan Kanembu na yankin tafkin Cadi sun daɗe suna kwasar wata iri daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan rairayi, su sayar a kasuwa da sunan dihe, ana miya da ita, kuma tana da gina jiki ƙwarai. Amma waccan a ruwanta na asali take tsirowa. Wadda ta girma cikin ruwan salanga da na asibiti da na gareji tana iya shan dalma da sauran ƙarafa masu guba, kuma duk wanda ya kawo irinta kasuwa da sunan magani ya ci amanar jama'a.

Akwai ma wata dabara da ta fi kusa da hannunmu. Ƙwayar zogale, wanda muke kira tamaka, idan aka daka ta aka kaɗa a ruwa tana dunƙule laka kamar yadda alif ke yi, kuma an gwada ta a kan gansakuka an ga tana kwantar da ita. Ga shi kuwa garake na bakin kogi da na jihar Maraɗi cike suke da zogale, ganyen muke ci a kwaɗo, ƙwayar ba ta da kasuwa sosai. Muna ganin ya dace jami'armu ta jera su uku, funfuna da ƙwayar zogale da alif, ta gwada su a kan ruwan Gunti Yena na gaskiya, da zafin Afrilu da sanyin Janairu, ta faɗa wa jama'a da Hausa da Zabarmanci wanne ya fi aiki kuma nawa yake ci. In zogale ya yi nasara, matan da ke noman sa sun sami sabon ciniki.

Ra'ayinmu ke nan a taƙaice: a fara da tafkuna, domin su an riga an tabbatar da su, a bar funfuna ta ci gaba da zama a hannun masu bincike har ta nuna. Kuma abin da tafki ke buƙata wanda ba ya jira shi ne fili. Idan aka yi lissafin murabba'in mita 3 ga kowane mutum, unguwanni masu mutum 100,000 za su buƙaci hekta 30. A cikin Filato babu wannan fili, kuma tafkin farko yana da wari, ba a yin sa a gindin tagar mutane. Dole a tare ruwan da bututu a kai shi bayan gari, wurin da ambaliya ba ta kaiwa, kusa da inda masu garka za su amfana da shi. Kullum gari faɗaɗa yake, ana yanka filaye ana sayarwa. Filin da ba a keɓe bana ba, baɗi gidaje ne a kansa.

Muna kira ga hukumar birnin Yamai da ma'aikatun da ke kula da ruwa da tsabta da muhalli su keɓe wannan fili da takarda, su kuma sa kuɗin kula da shi cikin kasafi tun kafin a haƙa, domin tafki ma yana son mai gadi, da mai yanke ciyawar bakinsa don kada sauro ya samu gida, da mai kwashe laka bayan ƴan shekaru. A kuma ɗauki darasi daga Kosodo, inda ruwan masana'antu ya shiga tafkunan da gishiri da kaifi mai yawa, har ƙasar wasu garake ta lalace. Duk masana'anta, da majema, da marina, da asibiti, su fara tace nasu a gida kafin su sake shi. Dokar ruwa ta 2010 ta riga ta ce wanda ya gurɓata shi ne zai biya. Saura aiki da ita. Motocin kwasar salanga kuma a hana su juyewa a kwari da dare. Ƴan kasuwa suna biyan tikiti kowace rana, suna da haƙƙin tambaya nawa ne daga ciki ke tafiya ga lambatun kasuwarsu, kuma shugabannin ƙungiyoyinsu su ya kamata su kai wannan tambaya.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannunmu tun gobe da safe. Mai garka ya haƙa ɗan rami a gefe ya bar ruwa ya kwana ya kwanta kafin ya ɗiba, ya ɗebi na sama kada ya tada lakar ƙasa, ya zuba a gindin shuka maimakon kan ganye, ya kuma dakatar da ruwan ƙorama kwana 2 ko 3 kafin ya cire, in da hali ya ƙarasa da na rijiya, domin rana tana kashe ƙwayoyi da yawa a wannan tsakani. Mai sari da mai tebur kada su wanke kaya a ƙoramar, kada su shimfiɗa ganye a ƙasa, kuma ruwan yayyafi ya zama na famfo, a riƙa sauya shi. Bokiti ɗaya tun safe har yamma yana raba cutar ne ga dukan kayan. Mai sayar da salati haɗaɗɗe da uwargida a gida su cire ganyen waje, su wanke ɗaya-ɗaya, su jiƙa a ruwan jabel ko farmanganat gwargwadon yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, sannan su ɗauraye. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta nuna wanki da ruwa mai tsabta yana rage kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin, in an haɗa da magani kusan 99. Leda da shara kuma a daina tura su lambatu, domin ko an gina tafki su ne za su fara toshe shi.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mazauna Yamai mun san inda namu yake. Rana muna da ita har ta yi yawa, gansakuka ba a sayen ta, malaman da suka san aikin suna nan a jami'armu. Abin da ya rage shi ne fili, da niyya, da jama'ar da za ta riƙa tambaya har a yi. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, ya kuma ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.